Harshe da Shari'a: Arba'in Ba Ɗaya

A Kwoi, ƙasar Ham, inda mishan ta SIM ta sauka a 1910, an daɗe ana karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, tun fitowar cikakkiyar fassararsa a 1932. Mai karatu a can yakan iske wani abu mai kama da saɓani. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 25, ya ƙayyade wa mai laifi bulala 40, kada a wuce. Amma Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, ya ce sau biyar aka yi masa 39. To, ina bulala ɗayar ta tafi?

Bayanin yana cikin Mishna, kundin fiƙihun Yahudawa wanda Malam Yahuda Hanasi ya tattara a Galili wajen shekara ta 200 miladiyya. A babin bulala, wato Makkot, malaman sun duƙufa a kan kalmomi biyu na Ibrananci. Aya ta 2 ta ƙare da "bemispar", ma'ana bisa adadi. Aya ta 3 ta soma da "arba'im". Maimakon su tsaya a tsakaninsu, sai suka zarce, suka karanta su haɗe, suka fassara su da adadin da ke dab da arba'in. Lafazin da suka zaɓa kuwa daidai yake da ƙidayar Bahaushe: arba'in ba ɗaya.

Ba kowa ya yarda ba. Wani malamin, shi ma Yahuda, ya tsaya a kan arba'in cif, kuma Mishna ba ta ɓoye saɓaninsa ba. Sai dai 39 ta dace da wata ƙa'idar tasu, cewa lalle adadin ya rabu uku: kashi ɗaya a ƙirji, biyu a gadon baya. Akan kuma auna ƙarfin mai laifin, a rage idan ba zai jure ba.

Gaskiyar magana, haɗin nan akwai tilas a cikinsa. Bulus ya rubuta wasiƙarsa kusan shekara 150 kafin Mishna, wato aikin ya riga wannan hujja shiga littafi. Ga alama tsoron ƙetare iyaka ne ya rage bulalar tun farko, daga baya malamai suka nemo mata madogara a cikin nassi.