FILIN ANTI: Ki Yi Wa Wayarki Goyo



Yau da ku nake, 'yan matan Shanga, Yawuri da Ngaski. Tun 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ga ruwan da ake samar da lantarki da shi a ƙofar gidajenmu, amma ƙauyuka da yawa har yau sai fitila da janareto. Shi ya sa yarinya za ta ɗauki wayarta ta kai wa mai caji ta kwana a can. Ni kam abin nan yana damuna. Hotunanki suna ciki, saƙonnin wanda zai aure ki suna ciki, ga kuma fitar dare don karɓowa. Ba duk masu caji ne ke da leƙe-leƙe ba, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Iyayenmu sun riga mu dabara. Idan rediyo ta cika cin batir, sai su yi mata goyo: a jera manyan batura irin Tiger Head cikin naɗaɗɗen kwali, kan wannan a gindin wancan, a ɗaure da robar tayar keke, a ja waya biyu zuwa cikin rediyon. Kowane batir bolt 1.5 ne. In ƙanana biyu take ci, manya biyu za ki sa, ba huɗu ba. Girman batir daɗewa yake ƙarawa, yawansa kuwa ƙarfi, kuma ƙarfin in ya yi yawa ƙona ta zai yi. Wannan za ki iya haɗa wa fitilar karatunki da hannunki.

To amma don Allah kar ki gwada haka da wayar salula! Ita bolt 5 take so daidai, batura huɗu kuwa 6 za su ba ta. Abin da za ki nema shi ne kwanson fawa banki wanda ba komai ciki sai ɗan faranti mai daidaita wuta. Ki tambayi masu gyaran waya, in babu a kusa ki ba da saƙo Yelwa. Sai batura masu lamba 18650, irin waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta, kowanne bolt 3.7. Su ba a jera su kai da gindi, duk kawunan gefe guda suke kallo, ki bi alamar + da - da ke jikin kwanson. Ki sa mai gyara ya auna miki su da mita tukuna, su zama iri ɗaya, cajinsu ɗaya. Wanda rigarsa ta yage, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse, ki bar masa abinsa ko da kyauta ne.

Af, kar babbar lamba ta ruɗe ki. Na kirki bai cika wuce 3,500 ba, wanda aka rubuta wa 9,900 zancen saurayin zamani ne, daɗin baki kawai. Huɗu masu 2,500 za su cika babbar waya kamar sau ɗaya da rabi. In akwai ɗan farantin sola mai ramin USB a gida, ki jona da safe, farantin a rana, goyon a inuwa.

Irin wannan batir yana kamawa da wuta, ba wasa. Kar ki kwana da shi ƙarƙashin filo, kar ki jefa tsirararsa cikin jaka tare da 'yan kunne ko makulli. In kin ji ya ɗau zafi, cire shi ki ajiye a ƙasa a tsakar gida, nesa da yara da danga.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Anti.