Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Borno



Yawancin 'yan sakandaren Maiduguri sun buɗi ido ne cikin rikicin da ya ɓarke a 2009. Ba su gama farfaɗowa ba, ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta raba wasunsu da gidajensu a Gwange.

A aji muke ganin tabon. Yarinya mai fara'a ta koma shiru, ko tara ba ta fita. Yaro ya zabura don an buga ƙofa. Sai a ce taurin kai ne, ko a ce iska ce.

Muna roƙon a horar da malami da malama a kowace makaranta kan taimakon farko ga mai damuwa. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora: a lura, a saurara, a haɗa yaro da mai taimako. A ja shi gefe, a rufa masa asiri, ban da faɗa. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kira iyaye, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga. Likitocin can a gayyato su koya mana a hutu mai zuwa.

Wassalam,
Wata malamar makaranta, Maiduguri