Teku Na Bakin Ƙofarmu

Wannan wata za mu duba wani arziki da muke wucewa kullum ba mu kula ba.

Daga Yuli zuwa Satumba masu hannu da shuni kan hau jiragen ruwa na alfarma don kallon manyan kifayen nan da ake kira baleine a gaɓar Gabon. Wasu kuma tsibiran Sao Tome da Principe suke nufa, kimanin kilomita 300 daga Libreville, su yi nutso da tukunyar iska a baya. Daga Nuwamba kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a rairayin Pongara, ɗaya daga gandun daji 13 da marigayi Omar Bongo ya kafa a 2002.

Duk wannan sana'a ce: matuƙin jirgi, makaniki, jagoran baƙi, malamin nutso. To, ina 'ya'yanmu? Kakanninmu fataken tudu ne, shi ya sa muke tsoron ruwa, muna hana yara zuwa bakin teku. Amma hani bai taɓa koya wa kowa iyo ba. Yaron da ya saci jiki ya tafi shi kaɗai, shi ruwa ke ci.

Shawararmu, iyaye su haɗa kuɗi a wannan hutu, a tsallaka da ɗalibai Pointe Denis da rigunan ceto, a samo musu mai koyar da iyo. Allah ya sa mu dace.