Ba Kowane Asiri Ake Rufawa Ba

A makarantar firamaren da ke bayan gidanmu akwai ajin da ya yi wata da watanni babu malamin lissafi. Yara sun fi tamanin, kaɗan a kan benci, saura a ƙasa bisa tsumman buhun da suka taho da shi daga gida. Monita ne ke tsaye a bakin allo da tsumagiya, yana rubuta sunayen masu surutu, shi ke nan karatun ranar. A takarda kuwa ajin yana da malami. Wani saurayi ne da aka ɗauka a shirin N-Power, wanda gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2016, a lokacin ana tura masa naira 30,000 duk wata. Kowa a unguwa ya san shi, kowa ya san shagonsa na kayan waya a kasuwa, kowa kuma ya san rabonsa da makarantar tun ranar da ya je ya sa hannu.

Da na tayar da maganar a majalisarmu bayan sallar isha'i, wani dattijo da nake ganin girmansa ya dube ni ya ce, "Haba Malam, daga aljihunka ake biyansa? Kuɗin gwamnati ne fa. Kada ka zama sanadin toshe wa yaro hanyar abinci. A rufa masa asiri." Sauran jama'a suka ce gaskiya ne. Babu wanda ya ambaci yaran nan tamanin, alhali biyu daga cikinsu jikokin dattijon ne.

Wannan ra'ayi shi ne ya yi rinjaye a cikinmu, kuma ni ina ganin yana cikin abubuwan da suka fi cutar da talakan ƙasar nan. Mun ɗauki kyakkyawar ɗabi'a mun sa ta aikin da ba nata ba. Rufin asiri ado ne. Shi ne maƙwabciya ta aika da kwanon tuwo gidan da ba a hura wuta ba, ta ce wa yaro ya shiga ta ƙofar baya. Shi ne ka ga ɗan'uwanka ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa ka kama bakinka. Amma duk inda aka samu mutum na uku da ake ci da haƙƙinsa, shirunka ya tashi daga rufin asiri, ya koma riƙe wa ɓarawo tsani. Malamanmu ba su bar mu cikin duhu a nan ba. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton laifin mutum ba ya zama giba, daga ciki har da kai kukan zalunci ga mai iko da neman taimako don a kawar da ɓarna. Kowane ɗalibin hadisi kuma ya san labarin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin da aka tura karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) a kan mimbari ya yi maganar, a gaban jama'a, domin dukiyar ta jama'a ce.

Sai maganar da ta fi kowace ba ni takaici, wai kuɗin gwamnati ba su da mai su. Mu bi sawun kuɗin mu gani. A 2017 ƙasar Suwizalan ta amince ta dawo wa Najeriya dala miliyan 322 daga cikin kuɗin da aka wawashe zamanin Abacha, bisa sharaɗin a raba su ga mafi talaucin 'yan ƙasa, naira 5,000 a wata ga kowane gida. Jerin sunayen da ake biya yana da iyaka. Duk matar wani mai faɗa a ji a mazaɓa da aka cusa sunanta, wata gwauruwa mai marayu biyar aka ture. Duk wanda ke karɓar albashin mamaci a ƙaramar hukuma, gurbin wani mai NCE da ke tuƙa Keke Napep ya tare. Da kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 a Nuwamban 2021 kan kuɗin fansho fiye da naira biliyan 2, waɗanda aka cuta ba wasu aljanu ba ne. Tsofaffin nan ne da muka riƙa gani a layin tantancewa da fayil a hamata, wasu ana riƙe da su don ƙafa ta gaza. Kuɗin suna da masu su. Matsalar ita ce masu su ba sa zama a majalisar da ake cewa a rufa asiri.

Batun haraji ya fi wuya, kuma ba zan yi kamar ban san dalili ba. Kakanninmu sun sha azabar haraji da jangali. An shanya magidanta a rana a ƙofar gidan dagaci, an sayar da akuyar tsohuwa, Fulani sun ƙetare iyaka da shanunsu cikin dare don gudun masu ƙidaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe cikin zaluncin sarakunan Haɓe, jam'iyyar NEPU ta gina gwagwarmayarta a kansu, kuma da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, murna aka yi har ƙauyuka. Shi ya sa har gobe wanda ya zille wa mai karɓar haraji muke masa kallon wanda ya tsere wa kura. To amma mu dubi wanda ke zillewa yau. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya ba su da hanyar gudu, tun kafin albashi ya shigo an zare nasu. Ƙaramin ɗan kasuwa yana biyan kuɗin rasit kala-kala a bakin rumfarsa. Mai zillewa shi ne attajirin da ke sauke kwantena goma ya rubuta uku, mai gidajen haya jere a titi da babu ko ɗaya a lissafinsa, kamfanin da ke cire haraji daga albashin ma'aikatansa ya riƙe a aljihu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ma yafe wa duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. Akawun da ya ga littafi biyu a ofishin maigidansa, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa hukuma, ya yi shiru, ba jikan wanda aka shanya a rana yake karewa ba. Nauyin da maigidan ya sauke, a wuyan malamin makaranta zai faɗa.

Za a ce manya na kwasar biliyoyi, kai ka tsaya kan mai dubu talatin. Na ji. Amma ku tuna yadda muka yi ta tafi a Afrilun 2017 da EFCC ta gano dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, bayan wani ya tsegunta mata ƙarƙashin tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016, wanda ke ba mai tona asiri kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Babu wanda ya kira mutumin nan munafuki. Gwarzo muka ce, saboda kuɗin a Legas suke kuma ba mu haɗa dangi da kowa a ciki ba. Sai abin ya zo ƙofar gida, ya zama ɗan ƙanwar wance ne, sannan mu tuno da rufin asiri. Kuma babban ɓarawo ba ya aiki shi kaɗai. Sunayen bogin da ake fitar da biliyoyi da su, daga unguwanni irin tamu ake tattaro su, kowane da wanda ya sani ya kau da kai.

Ban ce kowa ya zama ɗan leƙen asirin maƙwabcinsa ba. Zato zunubi ne, kuma surar Hujurati da ta hana mu bin diddigin mutane ita ce ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Ganin mutum da sabon babur ba hujja ba ce. Wanda ya kai ƙarar abokin gabarsa don huce haushi, ko ya liƙa hoton mutum a Facebook kafin a bincika, shi ma azzalumi ne. Abin da ka gani da idonka za ka faɗa, ga ofishin da ke da alhakin bincike, bayan ka sami mutumin ka gaya masa gaba da gaba in hakan ba zai jefa ka cikin haɗari ba. Akwai kuma lamarin da ke karya zuciya, irin na matar da ta ci gaba da karɓar fanshon mijinta bayan ya rasu don ba ta da abin ba yara. Wannan, in ka isa da ita, ka zaunar da ita ka faɗa mata gaskiya, sannan ka ɗauki takardunta ka raka ta neman haƙƙin magada da doka ta tanadar mata, wanda sau da yawa ma ba ta san da shi ba.

Tsoron da mutane ke ji kuwa na gaske ne. Ƙasar Ghana ta yi dokar kare masu tona asiri tun 2006. Mu namu tsarin na 2016 sanarwa ce ta ma'aikata, ƙudurin doka ya sha zuwa majalisa yana komawa, kuma an ga ma'aikatan da aka dakatar ko aka kora bayan sun yi magana. Wannan abin a matsa wa 'yan majalisarmu ne a kai, kowane da sunansa, duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a.

Ni dai na je shagon saurayin nan da hantsi, na same shi yana manna gilashi a fuskar wata waya. Na ce masa, "Ɗana, ko ka koma aji, ko ka rubuta ka ajiye a ba wani. In wata ya ƙare ban ga ɗaya ba, zan kai takarda, kuma da sunana a ƙasa." Ya ce, "Baba, kowa ma haka yake yi." Wata ya ƙare, na kai takardar. Dattijon nan ya yi kusan wata uku yana amsa gaisuwata a daƙile, uwar yaron kuma har yau in mun haɗu a hanya sai ta ja mayafi ta kau da kai.