Ɓarnar da Ake Kira Tsafta a Injinan Haɗa Manhaja

Wata aƙida ta yi kaka-gida a tsakanin masu rubuta manhaja: wai duk lokacin da za a haɗa manhaja a gwada ta, dole injin ya fara da faifai fanko, ya sauko da komai daga uwar garke, in ya gama a share. Suna kiran wannan tsafta. In ma'ajiyar Git ta manhajar ta yi nauyi, sai a datse mata tarihi, a ɗauko ajiyar ƙarshe kaɗai da umarnin --depth 1. Haka GitHub Actions yake yi matuƙar ba ka ce masa komai ba, shi ya sa da yawa suke zaton ita ce hanyar ƙwararru. Ni a wurina ɓarna ce tsagwaronta.

Tun da Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005, tsarinsa ɗaya ne. Kowane fayil, kowace jaka, kowace ajiya, ƙunshi ne mai suna, kuma sunan, a yawancin ma'ajiyoyi, lamba ce mai haruffa 40 da ake lissafowa daga abin da ke cikin ƙunshin. Ka canza waƙafi ɗaya, suna ya canza. Saboda haka ƙunshin da injinka ya sauko da shi jiya, muddin sunansa ɗaya da wanda uwar garke za ta miƙo yau, shi ne dai, bai tsufa don ya kwana ba. To ina dattin? Abin da ke ɓata gwaji shi ne ragowar aikin jiya, wato fayilolin da aka haɗa da saitin da wani ya taɓa ya manta. Waɗannan a share su, babu gardama. Amma sake sauko da tarihin da ba ya canzawa sau ɗari a yini, aikin mai rijiya a tsakar gida ne da ke tafiya rafi ɗebo ruwa kowace safiya.

Git yana da maganin wannan tun da daɗewa. Ka ajiye cikakken kwafin ma'ajiyar guda ɗaya a kan injin, kana sabunta shi. Kowane sabon aiki ya yi kwafinsa da --reference, yana nuna wancan. Git sai ya rubuta adireshin babban kwafin a wani ɗan fayil mai suna alternates, ya ari duk ƙunshin da ke can, ya nemi abin da ya rage kawai daga uwar garke. Kowane aiki yana da wurinsa sabo fil da cikakken tarihi, ga shi faifai bai cika da kwafi goma na abu ɗaya ba. Jenkins yana da gurbin saka wannan, Buildkite ma haka, kuma kayan aikin da ake sauko da ma'ajiyoyin Android da shi ya san wannan hanya.

Guntun kwafi fa, wato wanda aka datse wa tarihi, ba kyauta ba ne. Umarnin describe, wanda da yawa ke fitar da lambar sigar manhaja da shi, yana buƙatar tarihi ya kai ga alamar baya. In kana son sanin fayilolin da reshe ya taɓa don ka gwada su kaɗai, sai ka gano inda ya rabu da babban reshe, wurin kuwa yana cikin abin da ka datse. Sai ka ga mutane suna ƙara zurfi zuwa 50, gobe ya gaza, su mai da shi 200, suna laluben duhu. Ƙarshenta wani ya gaji ya ce a sauko da komai, an koma gidan jiya. Uwar garke ma tana ji a jikinta idan ana sabunta guntun kwafi a kai a kai. A 2016 GitHub ya taƙaita zirga-zirgar babbar ma'ajiyar CocoaPods, kuma irin wannan sabuntawa tana cikin dalilan. Daga baya Homebrew ya daina karɓar guntun kwafi, bisa roƙon GitHub.

Hujjar masu adawa ɗaya ce mai ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Mai aro ya dogara da mai bayarwa. In aka goge reshe a babban kwafin, ƙunshinsa ya zama ba mai nuna shi, mai sharar Git zai iya kwashe shi bayan mako 2, alhali wani kwafi yana jingine da shi. Ranar sai ka ga aiki ya faɗi da ƙorafin ɓataccen ƙunshi. Gaskiya ne, littafin jagoran Git da kansa ya yi gargaɗi a kai. Amma layi ɗaya ne maganinsa: ka saita gc.pruneExpire zuwa never a babban kwafin, kada ya taɓa zubar da komai. Aikin da zai rayu minti goma ma ba ya kai wa ga wannan haɗari sai da sakaci. In kuwa kwafin zai daɗe, ko za a kai shi wani injin, akwai --dissociate, wanda ke kwafo abin da aka ara daga faifan gida ya yanke dogaron. Kuma ai GitHub ɗin da ake gudu zuwa gare shi don neman tsafta, da wannan aron yake haɗa ma'ajiya da dubban kwafofin da mutane suka tsaga daga jikinta. GitLab ma yana da tafkin ƙunshi na bai ɗaya a kan dabara iri ɗaya.

Wanda yake hayar injin da ake kunnawa don aiki ɗaya a rushe shi, ba shi da inda zai ajiye babban kwafi, shi kam uzurinsa karɓaɓɓe ne. Maganata da masu injinansu ce, musamman waɗanda ke biyan kuɗin intanet da tsada amma suke kwaikwayon saitin da aka yi don injinan haya. Aikin da ke gabansu kaɗan ne: a sa makulli don kada ayyuka biyu su sabunta babban kwafin lokaci guda, in ana aiki cikin Docker a tabbatar adireshin da ke cikin alternates yana nan daidai a ciki, sannan kada a zuba ma'ajiyar sirri ta kwastoma ɗaya da ta wani a rumbu guda, domin duk aikin da aka ba shi damar aro zai iya karanta komai da ke wurin.