Zanen furen wardi da aikin da Najeriya ta bari a baya

Tsakanin 1817 da 1824, mai zane Pierre-Joseph Redouté ya fitar da littafinsa Les Roses a birnin Paris, mujalladi uku masu ɗauke da zanen furen wardi kusan 170, tare da bayanan masanin tsirrai Claude-Antoine Thory. Redouté ya yi wa Joséphine, matar Napoleon, aiki a lambunta na Malmaison, kuma ya ƙware a bugun hoto da ƙananan ɗige-ɗige a kan farantin jan ƙarfe, dabarar da ke fito da launin fure daki-daki. Yau ana manna zanensa a bango da kalanda, har mutane suna ɗauka ado ne kawai.

Wanda ya duba shafi guda da idon basira zai ga aikin bincike a gabansa. Ga toho, ga furen da ya buɗe, ga yadda ƙaya ta lanƙwasa, ga adadin ganyen da ke kan kowane reshe. Da waɗannan alamomi ake bambance wani nau'i da wani. Kyamara tana ɗaukar fure guda a rana guda, da duk tabon da ƙwari suka yi masa. Mai zane kuwa yakan duba samfura da yawa, ya tattara siffofin da ke tabbatar da nau'in a shafi ɗaya. Shi ya sa har gobe cibiyoyi irin su lambun Kew na Ingila ke aiki da masu zanen tsirrai.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. A 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran yammacin Afirka, wanda masana ke komawa gare shi har yanzu. Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan na da ma'adanar busassun tsirrai, haka ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja. Sai dai busasshen ganye yakan rasa launinsa, kuma suna guda kan hau tsirrai daban-daban daga gari zuwa gari. Ga mai haɗa magani, irin wannan ruɗani na iya cin rai.

Saboda haka ya kamata masu tsara kasafin kuɗi a ma'aikatun muhalli da kimiyya su ware gurbin mai zanen tsirrai a waɗannan cibiyoyi, jami'o'i kuma su haɗa ɗaliban zane da na ilimin tsirrai a kwas guda. Kuɗin da ake bukata kaɗan ne: albashi, takarda, fenti da madubin ƙara girma. Faransa ta yi wa wardi wannan hidima shekaru 200 da suka wuce. Kuka, ɗorawa, kaɗanya da sabara sun cancanci irinta, tun kafin gatari da hamada su rage abin da za a zana.