Kafin a Sayi Majigi: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Hukumomin SUBEB

Ranku ya daɗe,

Na rubuto ne game da maganar da ake yawan ji a bakin jami'an ilimi, cewa lokaci ya yi da malaman firamare da na ƙaramar sakandare za su riƙa koyarwa da PowerPoint. Ban ƙi ba. Tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi hukumominku domin kula da shekaru tara na farkon karatun yaro, horar da malaminsa ma yana wuyanku. Roƙona shi ne ku fara da malami da darasinsa, majigi ya biyo baya.

Sayen kaya ba wuya gare shi ba, kuma shi ake ɗaukar hotonsa. A ba da kwangila, a sauke kwalaye, a yi bikin rabawa. Daga nan sai hedimasta ya kulle na'urar a sito, ba don mugunta ba, sai don tsoron kada ta lalace a ce shi zai biya.

Tambayar da ya kamata a fara yi wa malami ita ce: me kake so yara su gani wanda alli ba zai iya nuna musu ba? A nan amfanin shafukan majigi yake, domin gani ya kori ji. Yaron Gumel da bai taɓa ganin teku ba, ko na Illela da ake faɗa masa cewa kogin Neja ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, taswira ɗaya mai kyau za ta yi masa abin da bayanin rabin awa ba zai yi ba. Haka hoton zuciya tana harba jini, ko yadda sauro ke rikiɗa daga ƙwai har ya yi fiffike. Amma lissafin rabawa, ko koya wa ɗan aji ɗaya yadda ake lanƙwasa harafi, wannan aikin allo ne. Yaro yana buƙatar ganin hannun malam yana tafiya mataki-mataki, yana gogewa yana sakewa. Duk mai horon da bai gaya wa malamai inda za su kashe majigi su ɗauki alli ba, bai gama aikinsa ba.

Abin da nake tsoro shi ne malami ya kwashe rubutun littafinsa kaf ya zuba a shafi, ya juya wa aji ƙeya yana karantawa. Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya daɗe yana gwada wannan, kuma ya gano cewa ɗalibi ya fi fahimta idan aka nuna masa hoto ana yi masa bayani da baki, a kan a haɗa masa hoton da muryar da kuma rubutun abin da ake faɗa ɗin a lokaci guda. Ido yana bin rubutu, kunne yana bin murya, hankali ya rabu biyu. Ko manya ba su tsira ba. Bayan kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a 2003 da mutum bakwai a ciki, kwamitin bincike ya soki yadda injiniyoyi suka cusa gargaɗi mafi muhimmanci can ƙasan wani shafin PowerPoint mai cunkoson rubutu. Idan hakan ta faru da jami'an hukumar sararin samaniya ta NASA, ina ga yaro ɗan shekara tara da ke zaune a layin ƙarshe?

Batun manhaja kuwa, kada a ɗaure malamai da suna ɗaya. PowerPoint ta fito a 1987, an yi ta ne domin 'yan kasuwa masu gabatar da jawabi a ofis, kuma lasisinta na kuɗi ne. LibreOffice Impress kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba. Google Slides ma kyauta ce, sai dai tana son data, ita kuwa data daga albashin malami take fita. Malaman da ke da waya sun fi masu kwamfuta yawa nesa ba kusa ba, saboda haka a koya musu shirya shafuka a wayar, da WPS Office ko makamanciyarta, su kuma adana aikin a PDF domin ya buɗe a kowace na'ura ba tare da ya hargitse ba.

Akwai wani ƙaramin abu da masu shirya bita kan manta, ni kuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya: haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Wasu nau'o'in rubutu na kwamfuta ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a madadin harafi, ko malami ya gaji ya rubuta kasa inda yake nufin ƙasa. A aji biyu wannan ɓarna ce babba. Gboard na da madannin Hausa, akwai kuma Andika, nau'in rubutun da ƙungiyar SIL ta tsara kyauta domin masu koyon karatu. A sa su a kowace na'ura kafin ta bar ofis.

Sai wuta. Majigi mai ƙwan fitila yana cin lantarki, ƙurar hunturu tana toshe masa matata ya yi zafi, kuma a ajin da rana ke shigowa ta kowace taga hotonsa dishi-dishi yake. A makarantu da yawa babbar talabijin da ƙaramar sola za ta fi shi daɗewa. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da labule, wanda azuzuwa ke shiga bi-da-bi, ya isa a fara da shi.

Horon kansa kada ya zama bitar kwana uku a otal, a raba alawus, a watse. A yi shi a makaranta. Kowane malami ya zo da darasin da zai koyar mako mai zuwa, ya shirya shafi biyar ko shida, magana ɗaya a kowane shafi, da manyan baƙaƙe. Ya koyar da shi a gaban yaransa, abokin aikinsa na zaune a can baya yana duba ko ana gani. Cibiyar NTI ta Kaduna tana horar da malamai a bakin aiki tun 1976, ana iya haɗa hannu da ita. Masu duba makarantu kuma a ja musu kunne kada su koma ƙirga shafuka, su tambayi yara abin da suka gane.

Cikin kasafin sayen kayan, a ware kuɗin gyara tun farko. Sannan a aika wa kowane hedimasta takarda mai sa hannunku, cewa na'urar da ta lalace ana cikin koyarwa da ita ba za a cire kuɗinta daga albashin kowa ba.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta